Yawun Yayana da Sunan Kaka

Duk danginmu a baibai suka fahimci takardar gwajin nan, daga masu rawani har masu digiri. Sun ce ta tona asirin Kaka, mahaifiyar Baba. Ƙarya ne. Takardar ba ta ambaci Kaka ba, ba ta ma san akwai mata a duniya ba. Maza kawai take bi, daga ɗa zuwa uba, daga uba zuwa nasa uban. Amma da aka tashi neman wanda za a ɗora wa laifi, sai aka tsallake maza goma sha ɗaya aka je aka tono mace ɗaya, wadda ta shekara shida a ƙasa, ba ta da bakin kare kanta.

A gidanmu na Limanti akwai wata tsohuwar takarda da muke kira salsala. Da ajami aka rubuta ta, tawadar har ta koma ruwan ƙasa, kuma a cikin gafakar fata take zaune. Sunayen kakanninmu maza ne a jere, goma sha ɗaya, a gaban na ƙarshen an rubuta cewa daga Yaman ya zo. Duk ranar da aka yi suna a zuriyarmu, bayan liman ya raɗa wa jariri suna, kafin wanzami ya taɓa kansa, sai a shigo da shi tsakar gida a karanta masa sunayen nan a kunnen dama. Ni ma an karanta mini. 'Ya'yana ne ba za a karanta wa ba, don ta mace ba ta bi.

Baba ne mai karantawa. Ba shi ne babba ba, akwai yayansa da muke kira Baba Kura, wato babban uba. Ubansu ɗaya, uwa kowa da tasa. Mahaifiyar Baba Kura ta rasu yana ɗan shekara huɗu, sai kakanmu ya auro Kaka daga bakin tafki, 'yar masunta, ita ta goye shi ta yi masa komai kafin ta haifi Baba. Da suka girma Baba Kura ya bi manyan motoci zuwa Chadi, Baba ya zauna gaban malam har ya iya ajami sosai, shi ya sa tsohon ya damƙa masa gafakar kafin ya rasu. Sana'a kuwa ta dangin uwarsa ya ɗauka. Banda yake sayarwa a kasuwar kifi ta Baga Road, kuma ko ya yi wanka sau uku ya zuba turare, idan ya rungume ka sai ka ji hayaƙin nan a wuyan rigarsa. Haka Kaka ma take, humra a sama, hayaƙi a ƙasa.

Yayana shi ya jawo mana. Yana karatu a ƙasar waje, abokansa suka ja shi suka yi gwajin nan na ƙwayoyin halitta da ake tofa yawu a kwalba a aika. Da sakamako ya fito bai kira kowa ba, bai yi shawara da kowa ba, sai ya ɗauki hoton ya jefa a guruf ɗin dangi a waya. Taswira ce, an shafa launi a kewayen tafkin Chadi, da duwatsun kudancin Borno, da arewacin Kamaru, da ƙasar Hausa. Yaman fari fat, ko ɗigo babu. A sama an rubuta harafin R da wasu lambobi. Shi kuma a ƙasa ya rubuta: "Jama'a, ashe mu ba baƙi ba ne, nan aka same mu." Har da hoton dariya guda uku.

Na kira shi nan take.

"Kai, kana da hankali kuwa? Goge abin nan."

"Ke dai kin fiye zafi. Wasa ne fa."

"Wasa da wa? Baba Kura yana cikin guruf ɗin."

Kafin ya goge, mutum ashirin da wani abu sun gani. Babu wanda ya ce uffan a ciki. Ta bayan fage aka yi ta kiran juna.

Mako biyu bayan haka matar ɗan Baba Kura na fari ta haihu, namiji. Shi wannan ɗan, da nake kira Yaya, ma'aikacin ofis ne, a unguwar Mairi yake zaune, mutum ne mai sanyi da ba ya son hayaniya. A babban gida aka yi sunan kamar kullum. Tun da safe an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gida, an raba goro da dabino, mu kuma muna ciki muna fama da tukwanen burabusko. Da aka shafa fatiha sai maza na jiki suka shigo tsakar gida. Ni aka miƙa wa jaririn, don gwaggonmu hannunta na rawa. Saboda haka ba labari aka ba ni ba, a gabana aka yi.

Baba ya durƙusa, ya kwance igiyar gafakar. Sai Baba Kura ya ɗora hannu a kai.

"Bari. Yau ni zan karanta."

Baba ya ɗago ya dube shi. "Lafiya, Yaya?"

"Lafiya lau. Jikana ne. Kuma abin nan na masu shi ne. Tunda Turawa sun gwada ɗanka sun ce ba daga inda takardar nan ta ce ya fito ba, to takardar ba ta ƙarya. Sai dai a duba wani wajen."

Wata daga bayana ta ce, ƙasa ƙasa amma kowa ya ji, "Dama 'yar masunta..." Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma buƙatar ƙarasawa.

Na so in ajiye jaririn in juya in ga ko wace ce. Amma jariri a hannu ba ya ajiyuwa haka. Baba ya dubi hannun yayansa. Ya saki gafakar. Ya ja da baya kaɗan, yana nan a durƙushe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne karatun. Baba Kura bai iya ajami sosai ba. Ya kai takardar kusa da ido, ya mayar nesa, ya karanta huɗu ya tsaya a na biyar yana ta lalube. Sai na ji muryar Baba a hankali tana ba shi sunan. Ya karɓa ya wuce. A na takwas ya sake cijewa, Baba ya sake ba shi. Mutumin da aka gama kira shege a gaban 'ya'yansa shi ne yake gyara musu sunayen kakanninsu. Da aka gama Baba Kura ya naɗe gafakar ya sa a hammata. Baba ya tashi ya karkaɗe gwiwa, ya sa wa jaririn albarka, ya fita. Ko naman suna bai jira ba.

Da a ce fushi ya yi, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya daina zuwa majalisar ƙofar babban gida bayan la'asar, wajen da ya shekara talatin yana zama. Daga kasuwa sai ɗaki. Da can idan ya idar da sallar azahar a gida ranar da ba ya fita, yakan ɗaga murya ya roƙa wa iyayensa gafara, ya ambaci uban ya ambaci uwar. Yanzu sai ya yi addu'ar a ciki, ban san wa yake ambata ba, wa yake bari.

Wata ranar Juma'a da hantsi na shiga kai masa shayi na tarar ya sauko da hoton kakanmu daga bango. Yana tsaye gaban madubi, hoton a gefen fuskarsa.

"Zo nan, uwata," ya ce. Haka yake kirana, don sunan Kaka aka sa mini. "Ke idonki da ƙarfi. Dubi kunnen nan. Iri ɗaya ne?"

Na ce, "Baba, don Allah."

"Tambayarki na yi. Tsagar fuska wanzami ne ya yi mana, ba ta nuna komai. Kunnen nake so ki duba."

Na ajiye shayin har ya zube a faranti. Na ce iri ɗaya ne, ko makaho ya shafa zai gane. Ya ce to, ya mayar da hoton. Gaskiya ban duba ba. Na kasa. Mutum mai furfura yana neman ubansa a kunne, kuma yana tuhumar uwarsa a zuci, saboda hoton da yaro ya turo da dariya guda uku. A ranar na ga cewa maganar ta wuce tsakanin Baba da yayansa, ta shiga tsakanin Baba da Kaka.

Ni sakandare na gama, ban wuce nan ba. Amma na tuna a aji biyar an yi mana darasin X da Y, kuma na tuna wadda ta yi mana shi. Malamar bayoloji ce, Kirista daga kudancin Borno, ta yi ritaya tana zaune a Mairi. Washegari na hau napep na nufi can, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan. Na same ta tana tsince wake a baranda.

"A'a, sarkin gardama! Ke ce? Har yanzu kina katse mutane kafin su gama magana?"

"Na rage, Malama."

"Ba ki rage ba, ko gaisuwar ba ki gama ba kin fito da waya."

Na ba ta hoton, na ba ta labarin duka. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Sannan ta share wake gefe, ta ɗauko guda ɗaya ta ajiye, ta jera wasu a ƙarƙashinsa.

Ta ce a jikin kowane namiji akwai wani zare da uba ke ba ɗansa, shi ma ya ba nasa ɗan, kusan yadda yake. Mace ba ta da shi, ba ta kuma bayar da shi. Can ba a rasa ba, bayan tsararraki masu yawa, sai ɗan canji ya shiga zaren wani mutum, duk jikokinsa maza su gaji canjin. Da irin waɗannan alamomi masana suka raba mazan duniya reshe reshe, suka sa wa kowane reshe harafi. Ta ce wanda ya fi yawa a Yaman wani harafi ne daban. Namu kuwa tsohon reshe ne a wannan yanki, ya yi dubban shekaru a kewayen tafki, tun kafin a san wani abu wai shi Kanuri ko Bahaushe, tun kafin masallaci ko coci. Ta ce wani ɗan'uwan reshen na nesa ma ya cika ƙasashen Turawa.

Sai ta cire tabarau ta yi dariya. "A wajenmu can kan duwatsu ya yi yawa. Wataƙila ni da ke kakanmu ɗaya. Daga yau ki riƙa ce mini gwaggo."

Zan faɗi abin da ban so in faɗa ba. Raina ya ɓaci. Kafin in yi tunani, wani abu ya taso mini, irin na wanda aka haɗa da waɗanda bai ɗauka sa'anninsa ba. Na san sunan da tsofaffin gidanmu ke kiran mutanen duwatsu da shi idan babu baƙo a kusa, kuma na girma ina jin sa ban taɓa cewa a daina ba. Matar nan ta koyar da ni shekara uku, ta taɓa cire ɗankwalinta ta ɗaure mini hannu ranar da kwalba ta yanke ni a ɗakin gwaji. Ta ga fuskata. Sai ta ci gaba da tsince wakenta. Kunyar da na ji a barandar nan har yau ba ta sake ni ba. A nan na gane me ya sa aka zaɓi Kaka. Ya fi wa Baba Kura sauƙi a ce matar da ta goye shi ta ci amanar aure, da a ce shi da mutanen Malama tushensu ɗaya. Kuma ni mai zaginsa, da guntun abin a jikina.

Na ce, "To Malama, takardar gwajin ta ce Baba ba ɗan kakanmu ba ne?"

"Ina ta faɗi haka? Mutum ɗaya aka gwada. Ba ta san kakanki ba, balle matarsa. Sunaye goma sha ɗayan nan duk za su iya zama gaskiya, kowa ɗan ubansa, sai dai na ƙarshen bai zo daga inda aka rubuta ba. Ko ya zo daga gabas ɗin, amma gabas ta nan kusa. Ko almara ce wani ya ƙara don gidan ya yi kwarjini, ba ku kaɗai ba ne."

"Ta yaya za a sani?"

Ta nuna wake biyu da ke ƙarƙashin guda ɗaya. "Babanki da yayansa ubansu ɗaya, ko? To zarensu ɗaya ne dole. A gwada yayan, ko ɗansa namiji. In ya fito daidai da na yayanki, bakin kowa ya mutu a kan kakarki." Ta tsaya. "In kuma ya fito daban, kin san abin da za a ce. Kuma a lokacin ba ni da waken da zan jera miki. Ki yi tunani kafin ki taɓo wannan."

Ban yi wani dogon tunani ba, ba halina ba ne. Daga Mairi kasuwa na wuce. Na sami Baba a rumfarsa tsakanin kwalayen banda, ƙuda na ta yawo, ana ta loda wata mota da za ta kudu. Na tsuguna na zayyana masa komai, har da waken. Ya saurara yana juya wata busasshiyar tarwaɗa a hannu.

"In ya fito daidai, salsalar ta faɗi ke nan, ta kowa da kowa," ya ce.

"Layi ɗaya ne zai faɗi, Baba. Na Yaman."

"In kuma bai fito daidai ba?"

Na mayar da idona kan kwalayen banda.

"Kin gani. Bar shi, uwata. Yanzu ko ba komai ina da shakka. Shakka ta fi wani abin."

Wannan kalma ta ƙona ni fiye da duk abin da aka faɗa ranar suna. Kaka ta wanke shi, ta yi masa aure, ta mutu kanta a cinyarsa, yau abin da ya rage mata a wajensa shakka ce, kuma har yana riƙe da ita kamar abin arziki.

Bayan kwana biyu na je wajen Baba Kura. Na same shi a zaure shi kaɗai bayan la'asar. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi yadda ya kamata, har da wushe wushe irin na Kanuri, don kada ya sami ƙofar cewa ba ni da tarbiyya. Sannan na ce masa akwai hanyar da za a gane gaskiya, kuma a bakinsa take.

"Ni? In tofa yawu a kwalba, Bature ya gaya mini ubana? Ke yarinya, ki kiyaye ni."

"Baba Kura, ai ka riga ka yarda da Baturen. Da maganarsa ka karɓe gafaka. In ya isa shaida a kan Kaka, ya isa shaida a kanka."

Ya ɗaga carbi kamar zai jefe ni da shi. "Haka ubanki ya koya miki magana da manya?"

"A'a. Kaka ce ta koya mini. Ita ta ce mini ranar da ƙyanda ta kama ka, kwana tara ba ta sauke ka daga baya ba."

Bai jefa ba. Ya sauke hannun, ya kau da kai wajen bango. Na jira ya ce wani abu, ko zagi ne. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Tashi ki tafi gida." A bayansa, a kan ƙusa, gafakar tana rataye. Na lura ƙura ta fara hawa kanta, don Baba ne mai goge ta duk Juma'a.

A hanya na fahimci shi ma tsoro yake ji, irin na Baba, sai dai ta ɗaya gefen. Su biyun sun gwammace a zauna a haka. Kowa ya riƙe abin da ya rage masa, a bar tsohuwa a ƙasa da ƙazantar da aka shafa mata. Matan gidan kuwa har sun fara sabawa. Rannan wajen wani biki na ji an ce da wata ƙanwata, cikin wasa wai, "ku jikokin tafki." Nan da shekara goma ba wanda zai tuna daga ina maganar ta fito, za a dai san cewa akwai wata magana a kan Kaka.

Ba na barci da tabbacin komai, kada a ɗauka ina da shi. Na san Kaka a tsufanta ne kawai, ban san yarinyar da aka kawo daga bakin tafki ba. Malama ta gaya mini gaskiya, abin zai iya fitowa ta inda ba na so, kuma in ya fito haka ni ce na ɗauko wuƙar na miƙa. Na auna wannan iya yadda zan iya. Abin da na kasa aunawa shi ne in ci gaba da kai wa Baba shayi ina kallonsa yana satar kallon hoton nan.

Na kira yayana na ce tunda shi ya kunna wutar, ya aiko da kwalba ɗaya ta hannun wani abokinsa da zai dawo hutu. Ya fara cewa ba ya son ƙarin rigima, na ce rigimar tana nan ko ya so ko bai so ba, shi dai yana nesa ne ba ya jin ƙaurinta. Kwalbar ta iso ranar Talata. Tana cikin jakata, na naɗe ta a tsohuwar lafayar Kaka.

Zaren da ke jikin Baba Kura yana jikin ɗansa. Ranar Asabar zan koma Mairi, ba gidan Malama ba, gidan Yaya, uban jaririn da na riƙe. Ba zan yaudare shi ba, ba zan ce na wani abu ne daban ba. Zan jera masa waken kamar yadda aka jera mini, in gaya masa abin da gidansu zai iya rasawa da abin da namu zai iya rasawa, in tuna masa wadda take ɓoye masa ƙwan kifi a gefen murhu yana yaro. In ya ƙi, zan dawo wata Asabar ɗin. In ya yarda, sakamakon ba zai shiga guruf ba. Ni zan karɓa, in kai wa Baba rumfarsa, in gaya masa da bakina, ko wanne ne ya fito. Daga gidan Yaya kuma zan biya ta barandar Malama, akwai gaisuwar da ban gama ba.